Mu da Motar Gas Idan Ta Mace a Hanya

A unguwarmu mota ba ta mutuwa ita kaɗai. Da an ji inji ya yi tari ya ɗauke a bakin titi, kafin direba ya sauko ya ɗaga bonet, mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa, 'yan majalisa sun taso daga benci. Ba wanda ke jiran a kira shi. Za a tura ta gefe, a tokare taya da dutse, wannan ya ce "Sannu Alhaji," wancan ya ce "Allah ya kiyaye gaba." Ina son wannan hali namu, kuma ina fatan kada Allah ya raba mu da shi. Abin da ke biyo bayan turin ne ke damuna, musamman idan motar mai shan gas ce.

Nan take kowa zai faɗi nasa. Wani zai ce fulogi ne, wani ya ce batir, sai wani ya girgiza kai ya ce, "Ai famfon injekta ne ya tafi." Daga nan wuri ya yi tsit, domin kowa ya san kuɗin da aka ambata. Abin tausayin shi ne mai mota ya fi yarda da wannan magana ta ƙarshe. Mun ɗauka cewa idan mota ta ba mu wahala sosai, dole abin da ya lalace ya zama babba. Washegari an kwance famfo an kai wa masu gwaji, an sayo nozul a kasuwar Ƙofar Ruwa, an kashe kuɗin da aka tara don makarantar yara, bayan kwana biyu kuma motar ta sake macewa a wurin da ta saba. Sau da yawa abin da ke damunta bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Maganar fulogi dai a ajiye ta gefe. Injin gas ba ya kama wuta da tartsatsi kamar na fetur. Tun injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a 1897, dabarar ɗaya ce: fistan ya matse iska ya mayar da ita kashi ɗaya cikin sha shida zuwa ashirin na yadda take, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Hitocin da ke jikinsa don tayarwa ne da sanyin safiya, ba su ne ke riƙe shi a kan hanya ba. Saboda haka idan injin gas da ke cikin tafiya ya mutu, a duba mai, a duba iska, a duba wutar da ke ba shi umarni. A cikin ukun nan kuwa mai ne ya fi yawan laifi, nesa ba kusa ba.

To amma kafin a taɓa sufana, akwai tambayar da muke tsallakewa: ta yaya ta mutu? Mu kan je gareji mu miƙa makulli mu ce, "Oga, ta mace min a hanya, a duba." Shi ke nan bayaninmu. Alhali direba ne kaɗai ya ga abin da ya faru, kuma rabin aikin yana bakinsa. Akwai motar da za ta fara yin nauyi, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta riƙa fizga tana saki, gudu yana raguwa har ta tsaya. Wannan yunwa ce, mai ba ya isa gare ta. Akwai kuma wadda tana cikin gudu lafiya lau sai ta ɗauke ɗif kamar an murɗe makulli. Wannan ta fi kama da matsalar wuta. Shin a hawa ta yi ko a miƙaƙƙiyar hanya? Da zafinta ko da sanyi? Da aka huta kaɗan ta tashi da kanta? Mai nawa ne a tanki, kuma a ina aka sha shi na ƙarshe? Wace fitila ce ta kama a gaban direba, wane irin hayaki ne ya fito a salansa? Bakaniken kirki zai zaunar da kai ya yi maka waɗannan tambayoyi. Wanda bai tambayi komai ba ya fara kwance-kwance, ni dai raina ba ya kwanciya da shi.

Mu fara da filtar mai, tunda ita ce ta fi kowa shan wahala a hannunmu. Mutum zai ce, "Ai ba filta ba ce, a cikin gari lafiyarta ƙalau, sai na hau babbar hanya." To ai wannan shi ne ainihin alamar filta. A cikin gari, daga danja zuwa danja, inji ɗan mai kaɗan yake nema, kuma ko filta ta toshe rabi za ta iya ba shi. Da ka ɗora kaya, ka nufi wuri irin Hawan Kibo, ko ka fito za ka wuce tirela a hanyar Zariya, sai ya nemi mai da yawa a lokaci guda, filta ta kasa. Idan ka tsaya, dattin da ya manne a jikin takardar ya ɗan saki ya kwanta, sai motar ta tashi kamar ba abin da ya faru, ka yi 'yar tafiya ya sake taruwa. Nan ne za ka ji ana cewa motar nan akwai sa hannu. Babu sa hannun kowa, laka ce da tsatsa.

Me muke yi wa filta? Mu kan cire ta mu wanke da fetur, mu kai wa mai faci ya hura mata iska, mu mayar. Wasu su huda ta da ƙusa don mai ya samu hanya. Wasu ma su haɗa tiyo kai-tsaye su tsallake ta gaba ɗaya, da niyyar sai an isa gida a gyara, a yi wata shida ba a gyara ba. Motar za ta tashi, gaskiya ne, har a yi wa yaro kyauta don ya iya aiki. Amma dattin da filta ke tarewa yanzu ya wuce cikin famfo da nozul, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe da ratar da ba ta kai kaurin gashi ba. Famfon da muka zarga bisa kuskure a farko, yanzu mun kashe shi da hannunmu.

Sai ruwa. Na tsaya a kan wani dattijon bakanike yana wannan aiki, kuma ina ganin duk mai motar gas ya kamata ya gani da idonsa. Ya sa yaro ya yanke bakin gorar ruwa ta roba, ya tara ta a ƙarƙashin filta, ya sassauta ɗan makunnin da ke gindinta, ya danna famfon hannu da ke sama. Da gorar ta kai rabi sai ya ajiye ta a kan bonet ya ce wa mai motar, "Alhaji, ku ɗan ba ta lokaci." Kafin a gama gaisawa abin ya rabu biyu: gas mai ruwan ɗorawa a sama, a ƙasa kuma ruwa gurɓatacce mai ɗigon baƙin datti, tsayinsa ya kai yatsa biyu, da layi a tsakaninsu kamar an ja da biro. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka kullum ƙasa yake kwanciya, a tanki ko a gindin filta. Shi ya sa masu ƙera motar suka sa wannan makunni, a motoci da yawa har da fitilar da ke kamawa idan ruwan ya taru. Mu kuwa sai fitilar ta yi mako tana ci muna cewa waya ce ta taɓa.

Daga ina ruwan yake zuwa? Daga durom ɗin da ya kwana a waje da damina, daga tankin gidan mai da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, daga gumin da tankin motarka ke yi idan kullum a wofi yake kwana. Na san dalilin da ya sa muke tsayawa wurin 'yan bumburutu, kuma na san dalilin da ya sa muke shan na yau kaɗai mu bar gobe ga Allah: gas ya yi tsada, ciniki kuma ba yadda yake a da ba. Ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Sai dai tankin da kullum yake ƙasa da kwata, duk abin da ya kwanta a gindinsa shi injin ke zuƙa, kuma a kwana ko a hawa mai yakan gudu gefe ɗaya bakin tiyo ya shaƙi iska. Gas ɗin da aka surka da kalanzir kuwa ya fi komai cin amana, domin santsin gas shi ne man shafawar famfo, kalanzir kuma ba shi da wannan santsi. Ba za ka ga illarsa a ranar ba.

Iska a layin mai ita ce ta fi wahalar kamawa, don ba ta barin shaida. Tsakanin tanki da famfo, a motoci da yawa, zuƙo man ake yi. Idan tiyo ya tsufa ya tsage, ko robar bakin filta ta saki, mai ba zai ɗiga ƙasa ka gani ba, iska ce za ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Alamarta ita ce mota ta yi wuyar tashi da safe, ko ka danna famfon hannu ka ji shi laɓo-laɓo, ka yi ta dannawa sai ya yi tauri, ta tashi, bayan ɗan lokaci ta koma gidan jiya. Masu wayo a cikin makanikai sukan cire guntun tiyon da ke tsakanin filta da famfo su sa farin tiyo mai nuna ciki, su tayar da inji su zuba ido. Idan ƙananan kumfa na bin juna a ciki, magana ta ƙare, sai neman inda take shiga. Akwai kuma dabarar jarka, wadda tamu ce kuma ina alfahari da ita: a zuba gas mai tsabta a jarka, a ja tiyo daga ita zuwa filta, a gwada motar. Idan ta warke, to ciwon yana baya, a tanki ko a bututun da ya taso daga can. Idan ba ta warke ba, an san a gaba yake. Da jarka ɗaya an raba motar gida biyu ba a sayi komai ba. A yi shi dai don gwaji, a nesa da wuta, kada a ɗaure jarkar a kujerar gaba a ce an samu tanki.

Ko murfin tanki ma yakan tsayar da mota. Idan ƙofar numfashin tanki ta toshe, mai na fita iska ba ta shiga, sai tankin ya riƙe man. Da ta mace, ka buɗe murfin. Idan ka ji ya ja iska da ƙarfi, sannan motar ta tashi, ka gane.

A ɓangaren numfashin injin, hayaki ne ke ba da labari. Baƙin hayaki da rashin ƙarfi yana nufin mai ya fi iska yawa. Da hunturu ƙura kan cika filtar iska cikin ɗan lokaci, balle ga motar da ke shiga ƙauye ɗaukar hatsi. Idan da turbo, a duba manyan tiyon da ke kai iska, domin idan ɗaya ya yage za ka ji shuuu duk sanda ka taka, ƙarfi kuma ya tafi. Fari mai yaji a ido man da bai ƙone ba ne. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan wata magana ce daban. Motocin da aka sauko da su daga Turai kuma suna zuwa da nasu matsalolin: bawul ɗin EGR da ke mayar da hayaki cikin inji, da matatar toka a salansa. An ƙera su ne don man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kamar yadda dokar Turai ta tanada tun 2009. Mu kuwa mun daɗe dokarmu na yarda da 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Ga shi kuma muna yawan barin mota a silo tana ci a tsaye. Baƙin kunkunniya ya taru, bawul ya maƙale a buɗe, inji ya shaƙe da hayakinsa.

A nan ne nake ganin muke buƙatar mu yarda cewa zamani ya juya. Hannunmu ya saba da tsofaffin injuna, irin na J5 da tsohuwar Hiace da manyan motocin Marsandi, masu famfon da ba ruwansa da kwamfuta. Waɗannan idan suka ɗauke ɗif, sau da yawa 'yar wayar da ke zuwa kan famfo ce ta saki, wadda ke buɗe wa mai hanya idan an murza makulli. Idan iska ce, a sassauta bututun nozul da sufana, a buga sitata har mai ya fito, a ɗaure. Duk yaron gareji ya iya. Amma tun 1997, lokacin da ƙananan motoci suka fara fitowa da tsarin da ke tara mai a bututu ɗaya kwamfuta na raba wa nozul, lissafi ya sauya. A irin su Hilux mai D-4D, ƙarfin turin man yana kaiwa bar 1,600 ko fiye, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Tsinin man da ya kuɓuce daga nan yana huda fata ya shige cikin tsoka, ramin kamar na allura, amma yana iya jawo a yanke yatsa. Duk sanda na ga yaro ya kai hannu yana laluben yoyo a bututun nozul inji na aiki, gabana faɗuwa yake yi. Don Allah iyayen gareji a riƙa hana su.

Irin waɗannan motoci masu kwamfuta suna kashe kansu da gangan. Idan kwamfuta ta ga turin mai ya faɗi ƙasa da abin da ta nema, sai ta rage ƙarfi ta bar ka kana rarrafe, ko ta kashe injin don kada ya lalace. Kuma tana rubuta dalili ta ajiye. Mu me muke yi? Mu cire kan batir mu mayar don fitila ta mutu, wani ma ya manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi. Fitila ta mutu, amma a wasu motocin an goge shaidar da za ta taimaki bakanike. Gara a bar ta a kai a sa mata kwamfuta. Lamba P0087 tana cewa turin mai ya yi ƙasa, P0335 tana nuna sensar da ke lura da juyawar inji, P0299 kuma ƙarfin turbo ne bai kai ba. Sensar nan tana da hali sananne: idan ta fara mutuwa, sai inji ya yi zafi take ɗaukewa, a huta ta huce, mota ta tashi kamar ƙarya aka yi mata.

Sai dai kwamfutar ma mun fara yi mata irin abin da muke yi wa maganar 'yan majalisa. Ta ce turin mai ya yi ƙasa, mu ce famfo. Ba ta ce famfo ba. Toshewar filta na kawo wannan lamba, iska na kawo ta, ɗan bawul ɗin da ke gindin famfo mai auna man da ke shiga, wanda makanikan Hilux suka san shi sarai, idan datti ya riƙe shi yana kawo ta. Nozul guda da ya gaji yana mayar da mai da yawa tanki shi ma yana kawo ta, kuma ana gane shi da ƙananan kwalabe huɗu: a haɗa kowace da tiyon da ke mayar da mai daga nozul ɗaya, a tayar da inji, wadda ta riga sauran cika ta nuna mai laifi. Sai a sauya ɗaya maimakon huɗu. Famfo yana mutuwa, ba a ce ba ya mutuwa ba. Shaidarsa ita ce a yanka tsohuwar filta ko a tace man, a ga ɗan garin ƙarfe na ƙyalli. Idan an ga wannan, to sai an wanke tanki da layi gaba ɗaya, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

Akwai kuma abubuwan da muke yi cikin zafin rai a bakin hanya. A yi ta buga sitata ba hutu har batir ya kwanta, matsala ɗaya ta zama biyu. A fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska don ta kama, inji ya yi wata irin ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ba a san fistan ne ke karɓar dukan ba. A sa baki a zuƙo gas daga tiyo, alhali kurɓi ɗaya ya sarƙe mutum ya shiga huhu sai asibiti.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari, shi ne lokacin da take mutuwar. Idan inji ya ɗauke kana cikin gudu, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne masu laushi suka rage maka, daga nan sai ya yi tauri sai ka danna da dukkan ƙarfinka. Kada a yi ta famfa birki a ƙarar da su a banza, kada kuma a zare makulli sitiyari ya kulle. A kunna fitilun haɗari, a gangara gefe tun da sauran gudu, a fitar da mutane daga ciki su koma bayan kwalta. Ganyen da muke zubawa a titi ba a ganinsa da dare, kuma idan mun tashi mukan bar shi nan da duwatsun, mai babur ya zo ya hau. Motar da ta taɓa macewa sau ɗaya a hanya, bai kamata a loda mata iyali a kama doguwar tafiya da fatan alheri kawai ba.

Ina ganin wani ɓangare na laifin yana wurin biyan kuɗi. Bakanike ya yi awa biyu yana bin tiyo da ido, ya gano robar da ta saki, ya sauya ta, sai mu ce, "Haba Oga, ɗan wannan abin?" mu miƙa masa kuɗin shayi. Wanda ya kwance rabin inji ya baje a ƙasa kuwa, shi muke biya da daɗin rai, don mun ga aiki. To yaya za a yi yaron da ke koyo ya zaɓi bin tiyo? A tashoshin manyan motoci direbobin nesa sun riga mu gane muhimmancin ƙananan abubuwan nan. Yawancinsu ba sa tashi sai da sabuwar filta a ƙarƙashin kujera da sufanar kwance ta, suna tsiyaye ruwan gindin filta kafin lodi, kuma suna da gidajen man da suka sani, ko da layi ya fi tsawo a can za su tsaya.